Tokar da Na Loda wa Surukina

Jiya da na aiki ɗayanku ya ɗauko min manjagara, sai na ji yana ce wa 'yar ajinsu, "Wannan aikin ai simful ne, ashana ce kawai da kananzir." Ban tanka ba, don bakina yana cikin takunkumi. Yau na cire shi, zan tanka. Ku jawo benci ku zauna, tanderun bai huce ba tukuna, kuma ba a kwashe toka da zafinta. Makarantar duba-gari ta turo ku wata uku ku koyi yadda ake kawar da sharar asibiti. Ni shekarata ashirin da bakwai a bayan wannan katangar, kuma ban ga ranar da zan ce na gama koyo ba. Amma yaron yana da gaskiya a wuri ɗaya, da ashana ake farawa.

Ranar da na kama aiki, Malam Iro, wanda na gaji wurin nan a hannunsa, bai ko nuna min inda ake ajiye ashanar ba. Ya tsayar da ni gaban tanderu, ya ce in dubi darbejiyar can in gaya masa inda iska ta dosa. Na ce gabas.

"Me ke gabas, Haladu?"

"Ɗakin haihuwa."

"To, yau ba wuta."

Washegari iska ta juya kudu, na ɗauko galan da murnata. Ya ce in leƙa ta kan katanga. Na leƙa, sai ga mata sun baza shinkafar da suka turara a kan tamfol tana shan rana. Ya ce, "So kake mutanen Kura su ci tuwo da hayaƙin robar jini?" Ranar ma ba wuta. Kwana huɗu na yi ina kallon bishiya, har na fara zaton ashe haka aikin gwamnati yake, shi ya sa kowa ke nema.

A rana ta biyar ya koya min wuta. Ka fara ɗumama tanderu da busasshen kwali da takarda har bulo ya ɗau zafi, sannan ka riƙa jefa leda ɗaya-ɗaya, kana rufe ƙofa. In hayaƙi ya fita fari-fari, siriri, kana ƙonawa. In ya fita baƙi ƙirin yana birgima, dafa sharar kake yi, kuma unguwa ce za ta shaƙi girkinka. Baƙar leda ta ragowar abinci ce da takardu, wannan ko akuya ba za ta cutar ba. Mai ruwan ɗorawa ta auduga ce da bandeji da safar hannu. Ja kuma ta jini ce da abin da aka cire daga jikin mutum. Allura ba ta da leda, kwalinta daban, kuma ba a buɗe shi ko da zoben zinare ne ya faɗa ciki.

Da tanderu ya huce, Malam Iro ya sa awartaki ya zaro wata allura daga cikin toka, ta yi baƙi ta lanƙwashe. Ya ɗauko tsohon silifas ya danna ta a ƙasansa, sai ga ta ta ɓullo ta sama. Ya ce, "Wuta takan cinye sirinji ta bar allura. Ta yiwu ta kashe cutar da ke jikinta, amma tsinin yana nan da ransa." Don haka tokar allura tana da ramin siminti mai murfi, kuma duk tokar wurin nan ba ta fita ta ƙofar baya. Wannan ita ce dokar da ya fi maimaita min har ya bar aiki.

Kuna dariya in na ce ina da masu ciniki, to ina da su, kuma sun fi na mai tireda naci. Manomi zai zo ya ce sirinji yake so, da shi zai riƙa auna maganin feshi. Wani robar ƙarin ruwa yake nema ya ɗaure tumatir. Wani Bafulatani ya taɓa zuwa da ƙwaryar nono cike, wai in taimaka masa da allura ɗaya saniyarsa ba lafiya, na mayar masa da ƙwaryarsa yadda ya kawo ta, ina haɗiyar yawu. Amma mafi yawansu toka ke kawo su. Kun san ƙasar nan, abin da ya yi kama da taki ba ya kwana a ƙasa. Sharar birni ma da motoci ke kwasowa ta Kumbotso rububinta ake yi, balle toka, wadda mai albasa yake ganin ba abin da ya fi ta korar ƙwari. Duk na kore su. Na kori ɗan aiken mai unguwa, na kori abokin ɗaurin aurena. Har suka sa min suna Haladu A'a, ni kuwa ina jin daɗin sunan, ina tafiya ina buɗa kafaɗa.

Sai shekarar amai da gudawa. Damina ta yi ƙarfi, ruwa ya haɗe masai da rijiya a ƙauyuka, aka riƙa kawo mutane a amalanke da babur. Gadaje suka cika, aka shimfiɗa tabarmi a baranda, ana rataya ƙarin ruwa a reshen bishiya. Tanderu na ci safe da yamma, ko ina iska ta dosa. Da Malam Iro yana raye da ya karɓe ashanar daga hannuna. Kafin wata guda tanderun ya tsage daga sama har ƙasa, ramin allura ya cika har murfi ba ya zama, kwalaye suka ƙare. Nas-nas suka koma zuba allurai a gorar ruwa da duk ledar da ta zo hannu, kuma ban ga laifinsu ba, mutum ɗaya yana kan marasa lafiya talatin. Na rubuta takarda zuwa ofis ina neman sabon rami, aka ce maganar tana kan hanya. Ban san ta wace hanya ta biyo ba. Na haƙa gurbi a can ƙarshen fili na riƙa ƙona komai a haɗe, ina tara tokar a jikin katanga har tulin ya kai min ƙirji. Na san abin da ke cikinsa sarai, don ni na zuba.

Bayan cutar ta lafa, ana shirin dashen albasa, wata Talata da hantsi maigadi ya leƙo ya ce ina da baƙo da amalanken shanu. Na fito da a'a ɗina a baki, ko safar hannu ban cire ba. Sai na ga mahaifin maiɗakina ne.

Sunansa ba zan faɗa ba, ku ma kun san dalili. Maiɗakina 'yar farinsa ce, shi kansa bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai ya ce "yarinyar nan". Ni kuma shekara goma sha tara da aure ban taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba, ban taɓa kallon ƙwayar idonsa ba. Ban san lokacin da na tuɓe takalmi ba. Na durƙusa ƙafa ba komai a filin da na hana kowa shiga da silifas.

"Malam, an ce kana da toka."

"Akwai, Baba."

"Ƙwari sun dami irin albasar bana, takin zamani kuma ya fi ƙarfinmu. Na ce tunda ɗanmu ne a wurin, bari in zo da kaina."

Na ce, "Baba, wannan tokar... ta asibiti ce."

"Ai na sani, shi ya sa. An ce ta fi ta murhu ƙarfi, da magani a cikinta."

Na buɗe baki. Kalmar da na shekara ashirin ina faɗa wa mutane kullum ta ƙi fitowa. Abin da ya fito shi ne, "To, Baba." Kuma tunda ba zan tsaya ina kallon dattijo da shebur ba, ni na loda masa da hannuna. Ina ɗiba ta sama-sama, duk allurar da idona ya gani in tsince ta a ɓoye in jefa bayan tuli. Wadda ban gani ba ta hau amalanke. Ya sa min albarka, ya kaɗa shanunsa, maigadi ya buɗe masa ƙofar baya yana kallona yana murmushi.

Abin da ya hana ni cin abinci ranar shi ne, Baba yana da ciwon suga. Ni nake karɓar masa kati a asibitin nan, kuma a gabana nas ta ce masa ya kula da ƙafarsa fiye da idonsa, don ƙaramin rauni yana iya cinye ta. Tafin ƙafarsa ya riga ya daina jin abu, ya taɓa wuni da ƙaya a dunduniya bai sani ba. Ga shi bai taɓa shiga fangalin albasarsa da takalmi ba, ya ce da ƙafa ake sanin ko ruwa ya ishi ƙasa.

Da na koma gida na ce wa maiɗakina ta je ta gaya masa kada ya zuba tokar nan, da allurai a ciki. Ta dube ni ta ce, "Ni? Ka taɓa ganin mun zauna mun yi hira da shi?" Ta dai je ta gaya wa mahaifiyarta. Mahaifiyar ta ga ba za ta ce wa mijinta surukinsa ya ba shi mugun abu ba, sai ta ce masa Malam ya ce a yi hankali da tokar. Amsa ta dawo min bayan kwana biyu: Allah ya yi albarka, ya yi hankali da ita ƙwarai, ya barbaɗa ta kaɗan-kaɗan har ta ishi gonar duka, an ma yi ban ruwa a kai.

Na je wajen mai gyaran rediyo na samo maganaɗisun tsohuwar lasifika, na ɗaura masa igiya. Da aka sauko daga sallar La'asar na tafi gonar na riƙa jan sa a cikin taɓo. Ya kamo min ƙusoshi, ya kamo marafan kwalba, ya kamo guntun fartanyar da ta ɓace tun zamanin kakan maiɗakina. Allurar asibiti kuwa ba ta cika kula shi ba, ƙarfenta daban ne, sai dai jifa-jifa. Wannan ba ya cikin littafinku, ku rubuta.

Sai na koma hannu. In sa safa biyu, in durƙusa a fangali kamar mai cire ciyawa, ina lalubar taɓo yatsa-yatsa, abin da na samu in jefa a gwangwanin madara da ke aljihuna. Kullum in na tashi daga aiki nan nake har rana ta faɗi. Wata rana in sami uku, wata rana ba ko ɗaya, in ce alhamdulillahi an gama. Da an sako ruwa daga kanal ƙasa ta motsa, sai in sami wasu. Matsalar ita ce ban san nawa suka shiga ba, don haka ba yadda zan san sun ƙare.

Mutane kuwa suna wucewa ta bakin kanal suna cewa, "Kai, dattijon nan ya yi dacen suruki! Ma'aikacin gwamnati guda, ga shi durƙushe a gonar uban matarsa." Har a wajen wani ɗaurin aure liman ya kawo ni misali, ya ce samari su yi koyi da Malam Haladu. Ina zaune a wurin, na sunkuyar da kai, aka ce tawali'u ne.

Ranar kasuwar Bunkure na sayi dogon takalmin roba, irin mai kaiwa gwiwa, na aika masa ta hannun surukata. Kasuwa ta zagayo, sai ga Baba a rumfar masu iri, ya sha babbar riga, takalmin yana ƙyalli a ƙafarsa, yana nuna wa abokansa abin da surukinsa na asibiti ya saya masa. A gona kuwa sai ya tuɓe shi ya kifa a kan sanda a gindin mangwaro, ya shiga taɓo da ƙafarsa yadda ya saba. Ran nan na yi ta maza, ina kallon ƙasa na ce, "Baba, takalmin na gona ne."

"Haba Malam. Kyautarka zan sa a taɓo?"

Nan ne wurin da ya kamata in ce, Baba, da allurai a gonarka, ni na zuba maka su. Ban ce ba. Kunya nake ji, kuma tsoro nake ji, don in aka san toka ta fita ta ƙofar baya aikina ya tafi. Har yau ban san wanne ya fi riƙe min baki ba, kuma ba na son sani.

Albasa ta fara kai, saura ƙiris a cire, maiɗakina ta ce Baba yana zazzaɓi, ƙafarsa ta kumbura, kwana biyar ana shafa masa maganin gida. Muka ɗauko shi a babur. Da likita ya warware tsumman, warin ya gaya min komai tun kafin ya yi magana. Ina tsaye a bakin ƙofa likita ya tambaye shi me ya soke shi.

"Ƙaya ce, likita."

Aka cire masa babban yatsa da na kusa da shi, aka ce an yi sa'a da ba a kai ga idon sawu ba. Kuma kun san inda jar leda take zuwa. Wata sabuwar nas da ba ta san alaƙarmu ba ta miƙo min ita ta ce, "Malam Haladu, 'yan'uwan mai wannan sun ce binnewa za su yi, ka shirya musu." Na wanke yatsun biyu, na naɗe a farin ƙyalle. Ni da ƙanin maiɗakina muka kai maƙabarta muka haƙa ɗan rami. A hanyar dawowa yana ta yi min godiya.

A rana ta uku na shiga gaishe shi, na durƙusa a gefen gado. Ya ce wa mutanen ɗakin su ba mu wuri. Da suka fita ya cire hularsa, ya zaro wata 'yar takarda a ƙudundune daga cikin naɗin hular, ya miƙo min yana kallon bango.

"Malam, kayan aikinka ne. Wajen alwala na zare ta. Na ga tun kaka kake nemansu, na ce wannan ɗayar ta ɓace maka."

Na warware. Allura ce, baƙa, a lanƙwashe. Ranar na fara kallon fuskar surukina.

"Baba, ka sani?"

"Wa ke cire ciyawa yana zuba ta a gwangwanin madara?"

"To me ya hana ka sa takalmin?"

Ya gyara hularsa. "A garin nan ba wanda ya taɓa shiga fangali da takalmi. In na sa, za a tambayi abin da ke cikin gonar. In an tambaya, sai a kai ga wanda ya ba ni tokar. Yarinyar nan da 'ya'yanta me za su ci?"

Na tashi na tsallaka baranda, na sami kwalin allurai a ɗakin nas-nas na jefa ta ciki. Daga nan na wuce ofis na faɗi duk abin da na yi, da bakina, tun daga ranar Talatar. Aka ba ni takardar gargaɗi, wadda na cancanci fiye da ita. Ramin simintin da maganarsa ta yi wata huɗu a kan hanya kuwa, da aka ga za a rubuta rahoto, cikin mako guda aka haƙa shi har da fenti. Bayan an cire albasa muka kankare ƙasar gonar taƙi guda, muka dawo da ita nan a amalanken da ya kai tokar, muka tankaɗe ta da rariyar magina.

Albasar kuma, in gaya muku, ba a yi irinta a yankin ba a shekarar. Manya-manya, jajaye, dillalai har faɗa suka yi a kanta. Da rani ya zagayo layin masu neman toka a ƙofar baya ya ninka, kowa yana cewa ai an ga aikinta a gonar surukina. Cikinsu har da kawun maiɗakina. Na tuɓe hula na durƙusa masa yadda ya kamata, daga durƙushen na ce a'a. Ya yi shekara ba ya amsa gaisuwata, amma yatsunsa goma suna nan.

Baba ya ƙara shekara huɗu a duniya, yana dogara sanda, bai sake shiga fangali ba, kuma bai sake tada maganar ba ko sau ɗaya. Bayan an yi sadakar bakwai surukata ta aiko min da takalmin a leda, ta ce ya bar wasiyya a mayar wa Malam. Ya sha zuwa kasuwa, amma bai taɓa taka taɓo ba. Shi ne wancan da kuke gani rataye a ƙusa kusa da ƙofar tanderu.

To, toka ta huce. Ku sa safa biyu-biyu, ɗaya ya ɗauki shebur, ɗaya ya riƙe rariya, duk abin da ya tsaya a kanta da awartaki ake ɗauka. Kai mai simful, silifas nake gani a ƙafarka. Je ka sauko da takalmin can ka sa, sannan ka shigo.